Wace manhaja ta dace da auna ayyuka da ma'aunai da yawa? Kwatancin Excel, Super Decisions, Visual PROMETHEE, 1000minds, M-MACBETH da DEXi

Idan hukuma ko kamfani yana da hanyoyi uku ko huɗu na yin aiki guda, da wuya ka sami ɗaya da ta fi sauran ta kowace fuska. Mai araha ita ce mai yawan lalacewa, mai ƙarko ita ce mai cin lokaci, wadda injiniyoyi suke so ita ce masu riƙe da kuɗi suke gudu. Don irin wannan tsaka-mai-wuya aka yi manhajojin da ke auna zaɓuɓɓuka da ma'aunai da yawa a lokaci ɗaya. Ka ba su jerin ayyukan, ka ba su abubuwan da ake dubawa da nauyin kowanne, su fitar maka da jeri daga na ɗaya zuwa na ƙarshe.

Lissafin ƙarshen ba shi ne abin wahala ba, kowaccensu tana yin sa cikin ƙiftawar ido. Inda suka sha bamban shi ne yadda suke tatso nauyin ma'aunai daga bakin masu yanke shawara, da yadda suke nuna maka inda jerin zai juye in an ɗan taɓa wannan nauyi. Kusan kowace manhaja a nan an gina ta a kan hanyar lissafi guda. Wanda ya zaɓi manhaja ya zaɓi irin tambayoyin da za a yi wa kwamitinsa ke nan, ko ya sani ko bai sani ba.

Abubuwan da za a auna su da su

Na farko, wanda kuma ya fi sauran girma, shi ne yadda manhajar ke haɗa nauyi da tazarar da ke tsakanin zaɓuɓɓuka. Ga misali na zato don a ga abin ido da ido. A ce ana son samar wa wani ɗakin sanyaya kaya wutar lantarki, hanyoyi uku ne a gaba, an kuma ba kuɗi nauyin 45, lokacin kammalawa 15, tsayuwar wuta 40.

| Zaɓi | Kuɗin shekara 20 | Watannin aiki | Sa'o'in rashin wuta a shekara |
|---|---|---|---|
| Janareta | 60 | 2 | 200 |
| Sola da batir | 100 | 6 | 40 |
| Jan layin wuta | 80 | 12 | 120 |

Idan aka bi abin da aka fi sabawa, wato mafi kyau a kowane ma'auni ya sami maki 100, mafi muni ya sami sifiri, janareta zai tashi da 60, sola 49, layi 42.5. Janareta ya ci. To yanzu wani ya kawo zaɓi na huɗu wanda ba mai kallonsa: kuɗinsa 160, wata 12, sa'o'i 200. Ba a canza nauyi ba, ba a taɓa bayanan ukun farko ba. Amma tazarar da ke tsakanin mafi araha da mafi tsada ta buɗe daga 40 zuwa 100, makin sola a kuɗi ya tashi daga sifiri zuwa 60, jimlarsa ta zama 76, janareta yana nan a 60. Zaɓin da bai ci komai ba ya canza wanda ya zo na ɗaya. Dalili shi ne nauyin 45 ba shi da ma'ana sai an faɗi tazarar da yake magana a kanta: 45 a kan bambancin 40 daban, 45 a kan bambancin 100 daban. Manhajar kirki ita ce wadda ke tilasta ka kafa ƙarshen sama da na ƙasa na kowane ma'auni kafin a yi zancen nauyi, ko aƙalla ta ba ka damar yin haka.

Na biyu shi ne gwajin motsa nauyi. A teburin farko, in aka bar lokaci a 15 aka rinƙa rage kuɗi ana ƙara wa tsayuwar wuta, da zarar nauyin kuɗi ya sauka ƙasa da 39.5 sola ya wuce janareta. Wannan adadi ya fi jerin kansa amfani a gaban kwamiti, domin yana gaya musu cewa saɓanin maki biyar da rabi ne ke tsakanin zaɓi biyu, sai su san inda za su tsaya su yi muhawara.

Sauran sun fi sauƙin faɗi. Irin bayanan da take karɓa: lambobi zalla, ko har da hukunci irin su "mai kyau" da "matsakaici". Kuɗi, wanda ya haɗa da lasisi, horo, da lokacin mutanen da za su zauna amsa tambayoyi, kuma na ƙarshen ne ya fi tsada duk da ba a rubuta shi a rasit. Ɗorewa, wato ko bayan shekara biyar, ranar da masu bincike suka zo tambayar dalilin zaɓen wannan aiki, za a iya buɗe fayil ɗin a sake lissafin. Sauƙin koyo. Sai haɗari: kuskuren da ke shiga ba a gani ba, da inda bayanan kwangila ke kwana.

Akwai aiki ɗaya da ba manhajar da za ta yi maka. Duk zaɓin da ya karya sharaɗin dole, kamar doka, iyakar kasafi ko ƙa'idar kare lafiya, a cire shi tun kafin a fara ba da maki. Lissafin tara maki yana barin ƙarfi a wani wuri ya rufe rauni a wani, kuma akwai raunin da bai kamata a rufe ba.

Excel ko LibreOffice Calc

Yawancin ayyuka ba su fi ƙarfin wannan ba. Shafi uku sun isa: ɗaya na ɗanyen bayani da inda aka samo shi, ɗaya na mayar da shi maki daga sifiri zuwa 100 bisa iyakokin da aka kafa tun farko, ɗaya na nauyi da jimla ta fomular SUMPRODUCT, wadda ke ninka kowane maki da nauyinsa ta tara. Goal Seek, kayan aikin da ke cikinsu na nemo lambar da za ta ba da sakamakon da ake so, zai nemo maka adadin da jeri ke juyewa, irin 39.5 ɗin nan.

Tun da Excel ba zai tambaye ka komai ba, kai za ka kawo tsarin fitar da nauyi. Wanda ya fi aminci shi ne wannan. A zana wa kwamiti wani aiki na zato da ya faɗi ƙasa warwas a kowane ma'auni, a tambaye su: in ma'auni ɗaya kacal za a ɗaga daga mafi muni zuwa mafi kyau, wanne za ku ɗaga? Wanda suka zaɓa ya sami 100. Na biye, ɗaga shi ya kai nawa in an gwada da na farko? A ce sun ba da 100, 80 da 20. Jimla 200, nauyi ya zama 50, 40 da 10. Amfanin wannan tambaya shi ne ba za a iya amsa ta ba sai an kalli tazarar. Idan duk zaɓuɓɓukan kuɗinsu tsakanin 95 da 100 ne, mutane da kansu za su ba kuɗi nauyi kaɗan, alhali da an tambaye su "me ya fi muhimmanci?" kowa zai ce kuɗi.

Kuɗinsa kusan babu, Calc ma kyauta ne. Ta fuskar ɗorewa babu na biyunsa, domin kowa zai iya buɗe fayil ɗin ya bi fomula gida-gida. Haɗarinsa kuwa kuskuren hannu ne, kuma kusan kullum iri ɗaya ne: an manta juya ma'aunin da ƙarancinsa ne alheri, sai mafi tsada ya kwashi maki, nauyi bai cika 100 ba, an ƙara sabon layi fomula ba ta kai gare shi ba, wani ya buga lamba a kan fomula. Ka kulle gidajen fomula, ka sa gida ɗaya da zai yi ja in jimlar nauyi ta kauce wa 100, ka kuma ba wani da bai gina shi ba ya sake lissafin zaɓi ɗaya da kalkuleta. Inda yake gazawa shi ne taron mutane da yawa. Da zarar fayil ya fara yawo a imel, ba wanda ya san wanne ne na ƙarshe.

Super Decisions da Expert Choice

Su biyun a kan hanyar AHP suke, wadda Thomas Saaty ya ƙirƙiro a Amurka a shekarun 1970. Ana kwatanta abubuwa bibbiyu: tsakanin kuɗi da lokaci wanne ya fi, kuma da nawa, a kan sikeli daga 1 zuwa 9. Daga amsoshin manhajar ke fitar da nauyi. Super Decisions kyauta ce, gidauniyar Creative Decisions ce ke raba ta, tana kuma yin ANP, wato faɗaɗɗen tsarin da ke karɓar ma'aunan da suka dogara da juna. Expert Choice ta kasuwa ce tun 1983, kuma nau'inta mai suna Comparion yana aiki ta intanet don mutane da yawa su ba da hukunci daga wurare daban-daban.

Babban alherin AHP shi ne tana kama tufka da warwara. Idan mutum ya ce kuɗi ya ninka lokaci sau uku, lokaci ya ninka ƙarko sau biyu, sannan ya ce ƙarko ya fi kuɗi, manhajar za ta fitar da adadin rashin daidaito. Ƙa'idar Saaty ita ce in ya wuce 0.10 a koma a duba. A nan ake yin wani kuskure mai muni: mai riƙe da kwamfuta ya zauna yana gyara amsoshi shi kaɗai har adadin ya sauka. Abin da ya kamata shi ne a nuna wa mai amsar inda maganarsa ta ci karo da juna, shi ya zaɓi wadda zai janye. Adadi ƙasa da 0.10 yana nuna amsoshin sun jitu ne kawai, ba ya nuna cewa daidai suke.

Wahalarta yawan tambaya. Ma'aunai 6 na buƙatar kwatanci 15. Zaɓuɓɓuka 5 na buƙatar kwatanci 10 a ƙarƙashin kowane ma'auni, 60 ke nan, jimla 75. In zaɓuɓɓukan suka kai 10, tambayoyin sun zama 285, kuma ba kwamitin da zai amsa su da hankalinsa a tare. Mafita ita ce a bar kwatancin bibbiyu ga ma'aunai kawai, su kuma ayyukan a ba su daraja a kan matakai da aka riga aka tsara. Dukan manhajojin biyu suna da wannan tsari. Haka nan wajen haɗa amsoshin mutane da yawa, kada a tara a raba. In ɗaya ya ce 3 wani ya ce 1/3, sun yi hannun riga ne daidai wa daida, amsar gaskiya 1 ce. Tarawa da rabawa zai ba da 1.67, wanda ya karkata ga na farko ba dalili. Ninkawa ake yi a fitar da tushe: 3 sau 1/3 ya ba da 1, tushensa, wato lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da shi, shi ma 1 ne.

Abu biyu za a yi hattara da su. Tambayar "wanne ya fi muhimmanci" ba ta tuna wa mutum tazarar, don haka ka ajiye teburin ɗanyen bayani a gaban kowa yayin amsawa. Na biyu, tun 1983 Belton da Gear suka nuna cewa ƙara sabon zaɓi na iya juya jerin AHP. Tsarin da ake kira ideal, inda ake raba kowane maki da na wanda ya fi kowa a wannan ma'aunin, yana rage wannan, kuma shi ya fi dacewa in aiki ɗaya za a ɗauka.

Fuskar Super Decisions ta tsufa, sabon shiga kan ruɗe tsakanin gungu, ƙulli da layukan da ke haɗa su, kuma fayil ɗinta ita kaɗai ke buɗe shi. Ka kwafe teburan kwatanci da sakamako zuwa Excel ranar da aka gama. Comparion ta fi daɗin amfani nesa ba kusa ba, amma farashinta na manyan ma'aikatu ne, sai an tuntuɓi kamfanin a yi ciniki.

Visual PROMETHEE

Hanyar PROMETHEE ta fito daga Beljiyam, Jean-Pierre Brans ya gabatar da ita a 1982, Bertrand Mareschal kuma, wanda suka yi aiki tare, shi ya gina wannan manhaja. Ba ta mayar da komai maki tun farko. Tana ɗaukar kowane aiki ta gwada shi da kowane ɗan'uwansa a kowane ma'auni, da lambobinsa na asali, ta tara inda ya rinjaya ta cire inda aka rinjaye shi. Abin da ya rage adadi ne tsakanin −1 da +1.

Abin da ya sa masu aikin injiniya ke son ta shi ne iyakoki biyu da ake sa wa kowane ma'auni. Ta farko, bambancin da bai kai a kula da shi ba. Ta biyu, bambancin da ya isa a ce wannan ya fi wancan ba tantama. A misalinmu za ka iya cewa bambancin wata ɗaya ba komai ba ne, na wata shida kuwa cikakken fifiko ne. Wannan ya dace da gaskiyar ƙiyasi: in kuɗin aiki biyu 80 da 82 ne, kuma kowa ya san ƙiyasin na iya kaucewa da kashi goma, bai kamata lissafi ya ba na 80 wata nasara ba. Iyaka ta biyu kuma tana hana babbar tazara a ma'auni ɗaya ta haɗiye komai. Akwai siffofin fifiko guda shida, amma ga ma'aunai na lamba mai layi miƙaƙƙe da iyakoki biyu ya wadatar, ga na matakai kaɗan kuma mafi sauƙin cikinsu.

Wajen gwajin motsa nauyi tana cikin na gaba. Kana jan nauyi da linzami kana ganin jeri na motsi, tana kuma faɗa maka daga nawa zuwa nawa nauyin kowane ma'auni zai iya yawo ba tare da na ɗaya ya canza ba. Zanen GAIA yana nuna ma'aunan da ke tafiya tare da waɗanda ke jan juna. In biyu suka kwanta a kan layi ɗaya, ka bincika, mai yiwuwa abu ɗaya kake ƙirgawa sau biyu, kamar kuɗin mai da kuɗin gudanarwa. Ka duba adadin ingancin zanen. In ya yi ƙasa da kashi 70 kada ka dogara da shi.

Rauninta shi ne ba ta da ƙwaƙƙwaran tsarin tatso nauyi, da shi za ka zo. Kuma da yake kowane aiki da sauran ake gwada shi, cire ɗaya ko ƙara ɗaya na iya motsa jeri. Bayyana wa shugaban da bai halarci zama ba ma'anar +0.21 ya fi wuya a kan bayyana maki 76 cikin 100. A Windows take aiki. Nau'in ɗalibai da malamai kyauta ne ga koyarwa da binciken da ba na riba ba, na kasuwanci sai an saya.

1000minds

Daga Niyu Zilan take, Paul Hansen da Franz Ombler suka gina ta a kan hanyar da suka kira PAPRIKA, an kuma fara saninta a wajen jera marasa lafiya masu jiran tiyata. Ba ta tambayar kowa lamba. Tana nuna maka ayyuka biyu na zato da suka bambanta a ma'aunai biyu kawai: wannan mai araha ne amma wuta na yawan ɗaukewa, wancan mai tsada ne amma wuta tsayayya, wanne ka ɗauka? Duk amsa ɗaya tana share wasu tambayoyin da amsarsu ta riga ta fito, har a kai ga nauyi.

A ganina wannan ce tambayar da ta fi kusa da yadda mutane ke tunani, kuma matsalar tazara ta warware da kanta, tun da matakan suna cikin tambayar. Wanda bai taɓa jin sunan wata hanyar lissafi ba zai iya amsawa a waya, don haka ta dace in ana son ra'ayin mutum hamsin ko ɗari biyar. Aikin wuyan yana wajen rubuta matakai. Dole kowane ma'auni a yanka shi gida uku zuwa biyar masu bayani ƙarara, kamar "ƙasa da sa'a 50", "50 zuwa 150", "sama da 150". Mataki mai harshen damo zai sa kowa ya amsa tambayar da ke kansa. Yawan matakai kuma yana hawar da yawan tambayoyi da sauri.

Kuɗinta biyan lokaci-lokaci ne, akwai ɗan lokacin gwaji kyauta. Komai a sabar kamfanin yake. Ma'ana biyu ke nan: ba intanet ba aiki, kuma ranar da aka daina biya abin da ka sauke ne kawai naka. In bayanan na masu neman kwangila ne, a nemi izinin sashen shari'a kafin a ɗora su, ko a sa wa ayyukan lambobi maimakon sunaye.

M-MACBETH

Carlos Bana e Costa na Fotugal da Jean-Claude Vansnick na Beljiyam suka fito da hanyar MACBETH a shekarun 1990. Ita ma bibbiyu take kwatantawa, sai dai tambayarta game da girman bambanci ce, amsar kuma da kalma: babu, kaɗan ƙwarai, kaɗan, matsakaici, mai ƙarfi, mai ƙarfi ƙwarai, matuƙa. Tana duba jituwar amsoshi a daidai lokacin da ake shigar da su, in an sami karo ta tsaya ta ba da shawarar gyara. Ana kuma kafa wa kowane ma'auni matakai biyu na dindindin, "ba yabo ba fallasa" a sifiri da "mai kyau" a 100, don haka shigowar sabon zaɓi ba ta girgiza makin tsofaffi.

Ta fuskar tsabtar tunani ita na fi yarda da ita cikin duka. Amma tana son mai jagorancin zama da ya ƙware, da ɗaki guda, da majigi, da kwana ɗaya ko biyu na mutanen da lokacinsu ke da tsada. Ta Windows ce, lasisinta na saye ne, fayil ɗinta nata ne ita kaɗai.

DEXi, da kayan masu rubuta manhaja

DEXi ta Marko Bohanec ce, daga cibiyar Jožef Stefan a Sulobeniya, kyauta kuma. Babu tara maki a cikinta. Ana rubuta dokoki ne: in tsaro "mara kyau" ne, aikin "ba a karɓa ba", komai arahar sa. Wannan ya sa ta dace da farkon aiki, lokacin da babu lambobi sai hukuncin masana. A kiyaye yawan rassa: ma'aunai uku masu matakai huɗu-huɗu dokoki 64 ne, in aka ƙara na huɗu sun zama 256. Kuma da yake sakamakonta aji ne, ayyuka biyu nagari kan faɗa aji ɗaya ta kasa raba su.

Ga wanda ya iya R ko Python, wato harsunan rubuta manhaja, akwai ƙunshin MCDA a R, da pymcdm da scikit-criteria a Python, duk kyauta. Da su za ka gwada bayanai ɗaya da hanyoyi da dama, har da wata hanyar jera zaɓuɓɓuka ta 1981 mai suna TOPSIS, ko ka juya nauyi sau dubu goma ka ga sau nawa kowane aiki ya zo na ɗaya. Ba su da fuskar da kwamiti zai zauna a gabanta, kuma in mai rubutun ya bar aiki ba tare da bayani ba, komai ya tsaya.

| Manhaja | Kuɗi | Ɗorewar aikin | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Excel ko Calc | Kusan babu | Sosai | Mai sauƙi | Kuskuren fomula |
| Super Decisions | Kyauta | Matsakaici | Sai an koya | Gajiyar tambaya, juyewar jeri |
| Expert Choice | Mai tsada, na ma'aikatu | Ya dogara da biya | Mai sauƙi ga masu amsa | Kashe kuɗi a kan shawara ɗaya |
| Visual PROMETHEE | Kyauta ga karatu, saye ga kasuwanci | Matsakaici | Matsakaici | Iyakokin da aka sa da ka |
| 1000minds | Biyan lokaci-lokaci | Sai abin da ka sauke | Mafi sauƙi ga masu amsa | Matakai marasa bayani, bayanai a waje |
| M-MACBETH | Lasisin saye | Matsakaici | Sai da ƙwararren jagora | Zama ba jagora |
| DEXi | Kyauta | Mai kyau | Matsakaici | Yawan dokoki, kunnen doki |
| R ko Python | Kyauta | Sosai in an rubuta bayani | Sai mai rubuta manhaja | Dogaro da mutum ɗaya |

Wa ya kamata ya ɗauki wacce

In shawara ɗaya ce, zaɓuɓɓuka ba su wuce takwas ba, ma'aunai ba su wuce bakwai ba, kuma masu yanke hukuncin za su iya zama a teburi ɗaya, ka tsaya a Excel ko Calc. Ka kafa iyakoki tun farko, ka fitar da nauyi da tambayar ɗagawa daga ƙasa zuwa sama. Sayen lasisi a nan asarar kuɗi ne.

Wanda bayanansa lambobi ne na awo da ƙiyasi, kamar zaɓen hanyar da titi zai bi ko wurin da za a kafa masana'anta, Visual PROMETHEE ta fi masa, saboda iyakokin nan biyu da kuma gwajin nauyinta. Ɗalibi ko mai binciken da aka ce lallai AHP ko ANP zai yi, Super Decisions ta ishe shi, muddin ya rage ma'aunan kowane gungu zuwa bakwai ko ƙasa. Ma'aikatar da ke jera ayyuka masu yawa kowace shekara, da masu ba da hukunci a rassa daban-daban, ita ce kuɗin Expert Choice ko 1000minds zai yi wa amfani. Tsakanin su biyun, in masu amsar ba masana ba ne ko suna da yawa ƙwarai, 1000minds. In ma'aikatar ta riga ta saba da AHP, Comparion.

Shawara mai nauyi da za a kare a gaban majalisa ko kotu, inda ɓangarori ke jayayya, ta cancanci M-MACBETH da jagora na waje wanda ba shi da rabo a sakamakon. DEXi kuma ta matakin tankaɗe ce: a rage ayyuka talatin zuwa biyar da dokoki, sannan a kai biyar ɗin Excel ko PROMETHEE.

Wanda ba aiki ɗaya zai ɗauka ba, kasafi ne zai raba wa ayyuka da dama, kada ya sa kuɗi cikin ma'aunai. Ya auna amfani shi kaɗai, ya raba makin amfanin kowane aiki da kuɗinsa, ya bi jerin daga sama har kasafi ya ƙare, sannan ya duba da hannu ko sauya babban aiki ɗaya da ƙanana biyu zai fi cike ragowar kuɗin. Don wannan rabon ya yi ma'ana, dole sifirin sikelin ya zama "ba a yi aikin ba". In aka sa sifiri a kan mafi rauni cikin jerin, wannan aikin zai fito kamar ba shi da amfani ko kaɗan, ko da shi ne mafi araha da saurin biyan kansa.